Ko Ya Dace Mai Bi Ya Taka Ƙofar Haikalin Hindu?



Ran Lahadin farko bayan dawowata daga ƙasar Indiya, an tashi sujada ke nan, sai wani daga cikin dattawan ikkilisiyarmu ya ja ni gefe ya ce, "Malam Katikis, wata magana na ji, ban kuwa so in yarda ba sai na ji daga bakinka. Wai ka shiga gidan gumaka a can?" Na ce, "I, Baba, na shiga." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "To, da wane baki za ka koya wa 'yan ajin baftisma Dokoki Goma?"

Wannan dattijo ba raina ni ya yi ba. Kishin gidan Allah ne ya sa ya yi tambayar, kuma na san akwai da yawa cikin masu karatu da za su yi irinta. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da amsa a fili, domin maganar ta wuce ni kaɗai. Kowace shekara mutanenmu suna tafiya Indiya, waɗansu neman magani, waɗansu karatu, waɗansu fatauci. Duk wanda ya je kuwa, haikali zai gani a kowane lungu, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani mai kirki zai gayyace shi shiga. Gara mu yi shawarar tun muna gida.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mai bi wanda ya kafu cikin bangaskiya yana iya zuwa irin wannan wuri a matsayin baƙo, ya tuɓe takalminsa, ya duba, ya yi tambaya, ya kame bakinsa daga ba'a. Amma gwiwarsa da goshinsa na Almasihu ne, ba zai ba da aronsu ba ko na minti ɗaya. Bari in faɗi abin da na gani tukuna, sa'an nan in kawo dalilaina.

Yadda aka yi na je

Ƙanen mahaifina ne ciwon ƙoda ya kwantar, dangi suka haɗa kuɗi, aka ce ni zan raka shi. Muka sauka a birnin Cennai, wanda kafin 1996 ake kira Madras, babban birnin jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya. Akwai wani direban tasi, mabiyin addinin Hindu, wanda kullum shi ke kai mu asibiti ya komo da mu masauki. Mutumin nan ya yi mana alheri ƙwarai. Shi ya nuna mini inda zan sayi abincin da Baba zai iya ci, kuma sau da yawa yakan jira mu har dare ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

Wata rana muna zaman jiran sakamakon gwaji, sai ya ce zai je garinsu, Kancipuram, in ina so in bi shi. Na yi jinkiri, amma Baba ya ce, "Je ka, ɗana, ka gano mana. Zamanka a nan kana kallona ba zai ƙara mini jini ba." Muka kama hanya da asuba. Tafiyar kamar kilomita 75 ce, kudu maso yamma da Cennai.

Kancipuram ɗaya ne daga cikin garuruwa bakwai da 'yan Hindu suka fi ɗauka da tsarki, tare da irin su Baranasi, Ayodhya, Mathura da Haridwar. Ana yi masa kirari da gari mai haikali dubu. Dā shi ne babban birnin sarakunan Pallawa, kuma wajen shekara ta 640 wani malamin addinin Buddha daga ƙasar Sin mai suna Xuanzang ya ziyarce shi, ya rubuta labarinsa. Garin kuma ya yi suna wajen saƙar siliki, har amare daga sassan Indiya suna zuwa sayen zanen aure a can.

Abin da idona ya gani

Mun fara da haikalin Kailasanatar, wanda ya fi kowane gini tsufa a garin. Sarki Narasimhabarman na Biyu, wanda ake kira Rajasimha, shi ya gina shi wajen shekara ta 700 domin allahnsu Shiba. Wato ginin ya haura shekara 1,300 yana tsaye. An kafa harsashinsa da dutse mai tauri, aka ɗora sauran da wani dutse mai laushi wanda ke karɓar sassaƙa. A jikin katangar da ta kewaye farfajiyar akwai ƙananan ɗakunan bauta guda 58, ga siffofin zakoki a tsaye kan ƙafafunsu na baya a jikin ginshiƙai, kuma har yau ana ganin ragowar fentin da aka shafa tun wancan zamani. Direban ya gaya mini cewa a can ciki akwai wata siririyar hanya da ta kewaye ɗakin Shiba, wadda sai mutum ya rarrafa zai shiga, ya kuma rarrafa ya fita. Masu ibada suna ɗaukarta a matsayin hoton rayuwar ɗan adam, daga mutuwa zuwa wata haihuwar.

Daga nan muka wuce haikalin Ekambareswarar, wanda filinsa ya fi eka 20. Hasumiyar ƙofarsa ta kusa mita 60, tun daga bayan gari ake hango ta, kuma Sarki Krishnadebaraya na daular Bijayanagara ne ya gina ta a 1509. A cikinsa akwai itacen mangwaro da suke girmamawa, suna cewa asalinsa ya kai shekara 3,500. A nan ne na ga taro sosai. Mata da furanni a gashinsu, masu sayar da kwakwa da ayaba da kafur a bakin ƙofa, ga ƙarar ƙararrawa da ganga da wata doguwar algaita. Na ga tsohuwar da ba ta iya miƙe bayanta, jikanta yana riƙe da hannunta. Na ga miji da mata sun kawo jariri. Na ga wani saurayi ya kwanta rub da ciki kan dutse mai zafi, hawaye na zuba.

Na uku shi ne haikalin Baradaraja, na allahnsu Bishnu. A nan akwai zaure mai ginshiƙai 100, inda magina suka sassaƙa sarƙa daga dutse guda, zobe cikin zobe, ba tare da haɗi ba. A can ciki, in ji direban, akwai siffar tsaka biyu a jikin rufi, ɗaya an dalaye ta da zinariya, ɗaya da azurfa, mutane suna bin layi su taɓa su domin a kawar musu da alhaki da cuta. Akwai kuma tafki mai matakala, wanda a ƙarƙashin ruwansa ake ajiye wata siffar Bishnu da aka sassaƙa da itacen ɓaure. Sau ɗaya cikin shekara 40 ake fito da ita. An fito da ita a 1979, aka sake a 2019, inda ta yi kwana 48 a waje, miliyoyin mutane suka yi tururuwa zuwa ganinta.

Ban shiga can cikin ɗakunan da siffofin suke ba, domin an keɓe su ga 'yan Hindu. A watan Janairu na 2024 ma babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tutar haikali, da hujjar cewa wurin ibada ba wurin yawon shaƙatawa ba ne. Ban ji haushin wannan ba ko kaɗan. Mu ma ba kowa muke ba Jibin Ubangiji ba.

Inda aka gwada ni

A bakin ƙofar haikali na biyu ne direban ya sayi kwakwa da furanni, ya juyo ya tambaye ni cikakken sunan Baba da ranar haihuwarsa. Al'adarsu ce a ba firist sunan mutum da tauraron haihuwarsa, ya ambata su gaban siffar allahn, ya roƙa masa lafiya. Ya ce shi zai biya, ni ba ruwana, sunan kawai zan faɗa.

'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi rawa. Mun sayar da gona kafin mu zo. Likitoci ba su ba mu tabbaci ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Wata murya a cikina ta ce, mene ne a ciki, ai ba kai za ka durƙusa ba, kuma wa zai sani? Ni da nake koya wa yara cewa kada su kasance da waɗansu alloli, ga ni tsaye ina lissafi.

Allah ya taimake ni, na kama hannunsa na ce masa na gode, na kuma san ƙauna ce ta sa ya yi tayin, amma ni da Baba mun riga mun danƙa sunanmu ga Yesu, ba mu da izinin kai shi wani wuri. Ya dube ni, ya kaɗa kai irin nasu, ya shiga shi kaɗai. Da ya fito da toka a goshinsa, ya miƙo mini ɗan abincin da aka miƙa wa allahn, na haɗa hannuwa na ce ya yi mini haƙuri. Bai yi fushi ba. A hanyar komowa ma shi ya riƙa yi mini tambaya a kan Yesu, ni kuma ina yi masa a kan Shiba. Bayan kwana biyu, ba tare da na roƙa ba, ya kai ni Dutsen Toma a Cennai, inda bisa ga abin da Kiristocin Indiya suka gāda, aka kashe Manzo Toma wajen shekara ta 72, bayan ya iso ƙasar a shekara ta 52.

Dalilina na farko: manzanni sun duba kafin su yi magana

Mu buɗe Ayyukan Manzanni sura 17. Da Manzo Bulus ya isa Atina, ya tarar birnin cike da gumaka, ransa ya ɓaci. Amma bai kulle kansa a masauki ba. Ya zaga gari, ya dudduba abubuwan da suke yi wa sujada, har ya karanta rubutun da ke jikin bagadansu. A nan ya sami bagaden da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba, kuma da wannan bagade ya buɗe wa'azinsa a Tudun Arasa. Da bai je ya duba ba, da bai sami ƙofar shiga zuciyarsu ba.

A sura 19 kuma, sa'ad da maƙeran azurfa suka ta da hargitsi a Afisa, magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya tsaya gaban taro ya shaida cewa abokan Bulus ba su yi wa haikali fashi ba, ba su kuma zagi allahiyar garin ba. Ku lura da wannan. Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana wa'azi a Afisa, har cinikin masu ƙera gumaka ya faɗi, duk da haka ba a iya kama shi ko mutanensa da laifin zagi ba. Ashe ana iya faɗin gaskiya dukanta ba tare da cin mutunci ba.

A ƙasar Tamil ɗin nan ma an yi haka. Bartholomaus Ziegenbalg, Bajamushen da Sarkin Denmark ya aiko, ya sauka a Tarankuba a 1706. Ya zauna a ƙasa tare da yara ya koyi harshen Tamil, ya tara littattafansu, ya riƙa rubuta wa malaman Hindu wasiƙu yana tambayarsu abin da suka gaskata. A 1713 ya rubuta littafi a kan allolinsu, amma shugabanninsa a Turai suka ƙi bugawa, suna ganin ba abin da aka aike shi yi ke nan ba. Wannan mutumin kuwa shi ne ya fara juya Sabon Alkawari zuwa Tamil, ya gama a 1711. Ya rasu a 1719 yana da shekara 36, kusan sa'ana. Sanin addinin maƙwabtansa bai rage masa bangaskiya ba, ya ma ba shi kalmomin da ya yi fassara da su.

Dalilina na biyu: shaidar zur zunubi ce, ko a kan wa aka yi ta

Kafin in je, abin da na sani game da 'yan Hindu bai wuce abin da muka gani a finafinan Indiya ba, sai kuma maganar da muke yi cewa suna bauta wa saniya da dutse. Da na tambayi direban, ya ce shi bai ɗauki dutse a matsayin Allah ba. A ganinsu, bayan an yi wa siffar wata hidima ta keɓewa, allahn yakan sauko ya zauna a cikinta, mai ibada kuma yana zuwa ne domin ya ga allahn, allahn kuma ya gan shi. Da yawa cikinsu sun gaskata cewa akwai Maɗaukaki guda a bayan dukan siffofin. Sun kuma gaskata cewa abin da mutum ya shuka zai bi shi, ya mutu ya sāke dawowa duniya cikin wani jiki, haka haka har ran da zai sami kuɓuta. Wani babban malaminsu mai suna Ramanuja, wanda ya yi zama a Kancipuram wajen ƙarni na 11, ya koyar cewa kuɓuta tana zuwa ta wurin mutum ya miƙa kansa ga jinƙan Bishnu.

Ban yarda da wannan koyarwa ba. Littafi Mai Tsarki ya hana mu yin siffa domin sujada, ko da wane irin bayani aka kāre ta, ya kuma koya mana cewa sau ɗaya mutum ke mutuwa, sa'an nan shari'a. Amma yanzu na san ainihin abin da ban yarda da shi ba. Doka ta tara ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta kuwa ce sai maƙwabci mai bi ba. In muka tsaya kan bagade muka faɗi abin da mutane ba su gaskata ba domin jama'a su yi dariya, mun karya doka ta tara da sunan kāre ta biyu.

Bugu da ƙari, wanda ya tsaya ya ga layin masu jiran taɓa tsakar zinariya domin a ɗauke musu alhaki, ba dariya za ta zo masa ba. Ni tausayi ne ya kama ni, da kunya kuma. Mutanen nan sun san suna da kaya a ka, suna neman inda za su sauke. Sun yi tafiyar kwana da kwanaki, sun tsaya cikin rana ba takalmi. Ni da na ce na san wanda ya ɗauke kayan kyauta, sau nawa nake makara zuwa addu'ar safe da ke bayan gidana?

Masu cewa kada a je sam

Yanzu bari in juyo ga dattijona da masu ra'ayinsa, gama suna da hujja. Suna cewa Bulus da kansa ya rubuta wa Korantiyawa cewa hadayar al'ummai ga aljannu ake yinta, don haka mai shiga irin wannan wuri yana iya kwaso abin da ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne Bulus ya faɗi haka a 1 Korantiyawa sura 10. Amma mu karanta surar dukanta. Abin da ya hana shi ne tarayya, wato cin abincin hadaya da sanin cewa na hadaya ne. A wannan sura ɗin ya ba mai bi izini ya amsa gayyatar marar bi, ya ci abin da aka sa masa, sai fa in an gaya masa cewa an miƙa shi ga gunki. Iyakar tana wurin sa hannu cikin sujada. Taka dutsen farfajiya bai ƙazantar da kowa ba, gama duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. In muka koya wa jama'armu cewa aljani yana manne wa mutum don ya bi ta ƙofar wani gini, mun mai da Ruhu Mai Tsarki da ke cikinsu ƙarami ke nan.

Duk da haka na yarda da su a wuri biyu. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, kada ya je, kada kuma wani ya yi masa dariya, haka Romawa sura 14 ta koya mana. Na biyu, marar lafiya da mai jinyar da hankalinsu ya tashi, da sabon tuba wanda bai daɗe da barin tsafi ba, gara su haƙura. Ni da na yi makarantar Littafi Mai Tsarki ma na ji yadda ƙafata ta so zamewa.

Waɗansu kuma suna cewa, don me za mu girmama wuraren mutanen da ke tsananta wa 'yan'uwanmu? Ba ƙarya suka yi ba. Kiristoci ba su wuce kashi 2.3 cikin 100 na mutanen Indiya ba bisa ƙidayar 2011, kuma sun sha wuya a waɗansu jihohi. A watan Janairu na 1999, a jihar Orissa, wadda yanzu ake kira Odisha, 'yan tsattsauran ra'ayi suka ƙone Graham Staines, ɗan mishan daga Ostareliya mai hidima cikin kutare, tare da 'ya'yansa maza biyu, suna barci cikin mota. A 2008 kuma aka ƙone majami'u da gidajen Kirista masu yawa a yankin Kandhamal na wannan jiha. Amma mu tuna abin da matar Staines ta yi: ta fito fili ta ce ta gafarta, ta kuma ci gaba da hidimar kutaren. Direban da ya jira mu har dare ba shi ya kunna wutar ba. Mu da muka san zafin a ƙone wa mutum wurin sujada, muka kuma san zafin a yi mana kuɗin goro saboda laifin wani, bai kamata mu yi wa waɗansu haka ba.

Masu cewa a yi duk abin da aka ga ana yi

Akwai kuma ɗaya gefen, kuma a ganina su ne suka fi yawa cikin matasanmu masu karatu a waje. Su kan ce ai duk hanya ɗaya ce, toka a goshi al'ada ce kawai, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemo ka ɗaura. Wannan karin magana tana da amfani wajen sutura da gaisuwa da cin abinci, amma ba ta shiga sujada. Shadrak da Meshak da Abednego sun karɓi sunayen Babila, sun koyi harshenta, sun yi mata aikin gwamnati, amma da aka zo maganar rusunawa gaban siffa, nan suka ja layi.

Kuma wanda ya karɓi tokar yana cewa a ransa ba komai ba ce, ya raina mai ba shi. A wurin ɗan Hindu tokar nan tana da ma'ana, alama ce ta Shiba. In ka shafa don hoto, ka mai da ibadarsa abin wasa, ka kuma sa ya zaci ka yarda da abin da ba ka yarda da shi ba. Direbana ya fi ganin girmana da na ƙi cikin ladabi. Mai addini yakan gane mai addini.

Laifi tudu ne

Wani abu kuma da ziyarar ta tuna mini. Shekaru aru aru an hana waɗanda ake kira ƙasƙantattu, wato Dalit, shiga waɗannan haikalai, sai a 1939 aka fara shigar da su babban haikalin Madurai, doka kuma ta biyo baya a 1947. Da na ji haka na fara taƙama a raina cewa mu ba mu da wannan. Sai na sami labari cewa har cikin waɗansu majami'un Tamil Nadu an yi ta raba maƙabarta tsakanin Kiristocin Dalit da sauran Kirista. Na kuma tuna yadda mu ma a gida wani lokaci zaɓen dattawa ko auren 'ya'yanmu yakan tsaya a kan tambayar wace kabila ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gumakan da suka fi yi mana barazana ba a Kancipuram suke ba.

Shawara ga mai shirin tafiya

In hanya ta kai ka, ga abin da zan ce. Ka yi addu'a kafin ka fita, ka kuma san dalilin zuwanka. Ka sa tufafi masu rufe jiki, ka tuɓe takalmi inda aka ce, ka tsaya inda aka tsai da kai. Yawancin haikalan sukan rufe da tsakar rana su buɗe da la'asar, don haka sammako ya fi. Kada ka ɗauki hoton mai ibada ba da izininsa ba, kada kuma ka aika wa mutanen gida hoto da kalmar ba'a a ƙarƙashinsa. Kada ka raba takardun bishara a farfajiyarsu, gama kai ma ba za ka so a yi maka haka cikin majami'arka ba. Kada ka rusuna wa siffa, kada ka karɓi toka ko jan gari a goshi, kada ka ci abin da aka ce maka an miƙa, kada ka ba da sunanka ko na majinyacinka a kai gaban bagade. Ka ƙi da fara'a, ka faɗi dalili a gajarce. In an tambaye ka begen da ke cikinka, ka amsa da tawali'u da bangirma, yadda Manzo Bitrus ya umarta.

Ga shugabannin ikkilisiya kuma, roƙona shi ne mu daina sallamar masu tafiya jinya da addu'a da ambulan kaɗai. Mu zauna da su mu gaya musu abin da za su tarar, mu kuma neme musu adireshin wata ikkilisiya a garin da za su, gama a Tamil Nadu kaɗai wajen kashi 6 cikin 100 na jama'a Kirista ne. Wanda ke da 'yan'uwa kusa da gadonsa ba ya saurin kama kaifin takobi.

Baba ya dawo gida. Yana shan magani, wata rana da sauƙi, wata rana sai haƙuri. Ba zan ce muku ƙin da na yi ya saya masa lafiya ba, gama Allah ba ɗan kasuwa ba ne. Da na ba shi labarin abin da ya faru a ƙofar haikalin, cewa ya yi, "Da ka ba da sunana, da ka ƙara mini ciwo." Dattijon ikkilisiyarmu kuwa har yanzu bai gamsu duka ba. Ya ce shi dai ba zai taka ba, na ce masa ya yi daidai da bai taka ba. Amma ya roƙe ni in zo in ba 'yan ajin baftisma labarin, musamman wurin da zuciyata ta yi rawa. Direban nan kuma yana cikin addu'armu ta iyali kowane dare, ina roƙonku ku ma ku sa shi cikin taku.

Ubangiji ya ba mu hikimar zama da kowa lafiya, da ƙarfin tsayawa inda ya ce mu tsaya. Amin.